Kiran Da Ya Zo Daga Badun

Ban wuce shekara goma ba lokacin da na fara ganin wayar tarho da idona. Kafin nan a bakin manya kawai nake jin ta, kamar yadda nake jin labarin teku. A Gyadi-Gyadi muke zaune, a wani gidan ƙasa da ke bayan titin Zariya, cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai. A lokacin in ka tsaya a ƙofar gidanmu ka dubi wajen Tarauni, gonakin gero da dawa za ka fara gani kafin ka hango rufin kwanon sababbin gidajen ma'aikata.

Babanmu direban babbar mota ne, Isa Direba ake kiransa. Yana lodin wake da albasa zuwa kudu, ya dawo da goro da manja. Mahaifiyarsa, Inna Dudu, tare da mu take zaune tun rasuwar kakanmu, kuma ita ce mai tatsuniyar gidan. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta kwashi garwashi a kasko ta kawo ƙarƙashin rumfa, ta zuba ganyen darbejiya don hayaƙin ya kori sauro. Ni da ƙanena Sani da yaran maƙwabta mu zagaye ta. Ba ta da wata doguwar shimfiɗa. Cewa kawai take yi, "Ku matso, ga wata nan ta iso," mu kuwa mu ce, "Ta shigo mu gan ta."

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Inna Dudu tsohuwar gargajiya ce mai alkunya. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mai motar nan". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice, kamar wadda ake tambaya farashin gishiri. Da ina ƙarama na ɗauka ba ta son sa.

A daminar wata shekara Baba ya tafi kudu, lokacin dawowarsa ya yi ya wuce, shiru. Direbobin da suka tashi bayansa suka je suka dawo. Baffa Sule, ƙanen Baba wanda yake ɗinki a kasuwar Tarauni, ya je tasha ya tambaya. Wani ya ce ya ga motar a hanya, wani ya ce ba ita ba ce. Ummanmu tana da tsohon ciki a lokacin. Ta daina zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta ajiye tsintsiya, ta sake ɗauka ta share inda ta share.

Ran nan da la'asar sai ga mai gadin Alhaji Garba a kan keke. Alhaji Garba babban ma'aikacin gwamnati ne a Tarauni, ɗan garinsu Inna Dudu, kuma Baba ya taɓa yi masa tuƙi kafin ya koma babbar mota. A duk mutanen da muka sani, gidansa kaɗai ke da tarho. Mai gadin ya yi sallama a zaure, aka aike ni in ji.

Ya ce, "Alhaji ya ce in gaya muku an bugo waya daga Badun. An ce iyalan Isa Direba su zo su jira, za a sake bugowa."

Umma tana bayan ƙyaure tana ji. Ta ce, "Shi ne ya bugo da kansa?"

"Wallahi ban sani ba. Alhaji ya ce muryar wani dattijo ce. Kafin ya tambayi ko lafiya, layin ya katse."

Da daddare aka yi ruwa mai iska. Washegari Baffa Sule ya rufe shago ya tafi gidan Alhaji, ya tarar wayar ta mutu, an ce iska ta tsinka igiyar a wani wuri. Haka ya riƙa zuwa yana dawowa hannu rabbana. In ya shigo ba ma sai an tambaye shi ba, yadda yake cire takalmi ya isa amsa.

A waɗannan kwanaki Inna Dudu ba ta fasa hura kaskonta ba, amma ta canza. Sai ta fara magana ta tsaya tana sauraron titi. In babbar mota ta rage gudu a kan hanyar Zariya, dukkanmu mu yi tsit har sai ƙarar ta wuce. Daren farko ma ba tatsuniya ta yi mana ba. Sani ne ya tambaye ta yadda murya take shiga cikin igiya ta je wani gari, sai ta ɗauko mana labarin zamaninsu.

Ta ce, "Mu da muka taso, in mutum ya bi fatake zuwa Gwanja, sai dai a yi masa addu'a a ci gaba da harkoki. Ƙanen mahaifina ya rasu a can. Sai da aka yi shuka aka girbe kafin wani mai jakuna ya kawo mana labari, da hularsa a cikin burgami. Duk tsawon wannan lokaci matarsa tana ajiye masa kaji."

Ta ce tana 'yar ƙarama aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta kusa da garinsu, Madobi, aka kafa turakun ƙarfe a gefenta, aka ja waya a kansu har iyakar ganin ido. Su yara sukan je su manna kunne a jikin turken, su ji yana wani gunji a hankali. Wasu suka ce Turawa ne ke hira, wasu suka ce aljanu ne aka ɗaure a ciki suna aikin aike. A tasha akwai wani malami da yake ƙwanƙwasa ɗan ƙarfe da yatsa, wai magana yake yi da Zariya. Wannan ita ce tangaraho. Daga baya, da kakanmu ya yi aikin lebura a tashar, ya ba ta labarin wata sabuwa da aka kawo, wadda ake jin muryar mutum sosai.

"Ya ce hannu gare ta a gefe. Sai ka yi ta juyawa kamar mai burga miya, kafin wani ya amsa ya haɗa ka da wanda kake nema. Yanzu kuma an ce ta gidan Alhaji da ɗan yatsa ake murza ta." Ta tura garwashi da tsinke. "A da labari yana daɗewa a hanya, amma in ya iso cikakke yake isowa. Yanzu ga shi ya iso da wuri, rabi."

Dare na gaba ne ta fara tatsuniyar da har yau ban ji ta a bakin kowa ba.

Wai wata mata ce take da ɗa guda ɗaya, ya bi masu fataucin gishiri ya ƙetare babban kogi, ya daɗe bai dawo ba. Kullum matar sai ta fita bayan gari ta zauna a gindin wani suri tana kuka. Hawayenta suka riƙa jiƙa surin har uwar gara ta gaji ta leƙo. Ta ce, "Baiwar Allah, kina rushe mana gida. Me aka yi miki?" Matar ta gaya mata. Uwar gara ta ce, "Hanyoyinmu suna bi ta ƙarƙashin ƙasa, suna ratsa ƙarƙashin kogi, babu garin da ba mu da ƙofa. Sa bakinki a ramin nan ki kira shi, 'ya'yana za su ɗauki muryarki su miƙa wa juna har ta kai." Matar ta sa baki ta yi kira. Ta mayar da kunne ta saurara. Ba ta ji komai ba sai motsin gara. Ta koma gida, ta dawo washegari, ta sake kira.

A nan Inna Dudu ta tsaya. Muka jira. Sani ya ce, "Sai me ya faru?"

Ta ce, "Sai ta sake dawowa."

"Bayan nan fa?"

"Ta sake dawowa. Ku tashi ku kwanta."

Ba ta taɓa barin tatsuniya a buɗe haka ba. Na kwanta ina jin ta a ɗakinta tana jan carbi, Umma kuma tana juyi a kan gado.

Washegari da magariba ta ci gaba. Wai ran nan uwar gara ta fito da gudu ta ce, "An same shi. Ga shi can a bakin wani suri a ƙetaren kogi. Amma 'ya'yana sun gaji, ba za su iya riƙe hanyar ba sai gwargwadon yadda karan dawa ɗaya zai ci wuta ya cinye. Ki zaɓi abin da za ki tambaye shi." Sai Inna Dudu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, ku gaya mini. Me za ta tambaye shi?"

Na ce ta tambaye shi inda yake. Wata yarinyar maƙwabta ta ce ta tambaye shi yaushe zai dawo. Sani ya ce ta tambaye shi abin da ya sayo mata, muka yi dariya, dariyar farko a gidan tun zuwan mai gadi.

Inna Dudu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Duk waɗannan yana da amsarsu a shirye. Yaro ne mai zurfin ciki, ba ya son a ji tausayinsa." Sannan ta ce, "Ni ma ban san abin da ta tambaya ba tukuna."

Da safe Baffa Sule ya aiko cewa an gyara layi. Da la'asar sai Inna Dudu ta fito da zanenta na zuwa suna, ta yafa mayafi ta ce in riƙe mata hannu mu tafi Tarauni. Umma ta ce, "Inna, ai Sule yana can." Ta ce, "Na sani." Muka bi ta tsakanin gonaki, gero ya fi ni tsawo, taɓo yana kama mana takalmi. Tsohuwar da take hutawa tsakanin ɗakinta da madafa, ranar ni ce nake haki a bayanta.

Matar Alhaji ta shigar da mu falo. Wayar tana kan wani ɗan tebur a kusurwa, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai surfani. Da aka yaye, na ga wata baƙar aba mai sheƙi, da faifai mai ramuka a gabanta, an maƙala masa ɗan kwaɗo don kada yara su murza. Na yi mamakin ƙanƙantarta. Na zaci abin da zai iya kai murya Badun zai kai girman injin niƙa.

Inna Dudu ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa kusa da teburin. Aka kawo ruwa ba ta sha ba. Baffa Sule yana fita yana shigowa. Alhaji ya yi mana bayanin cewa kira daga nesa ba kai tsaye yake zuwa ba, sai wanda ke can ya nema a gidan waya ya jira a ba shi layi, kuma in an ba shi ba ya daɗewa. Ya ce wa Baffa, "In ta buga, ka tafi kai tsaye ga magana. Ka tambayi inda yake da abin da ya faru. Kada ka tsaya gaisuwa."

Ana gab da kiran magariba ta buga. Ƙarar ta sa na zabura har na bugi tebur. Alhaji ya ɗauka, ya yi 'yar magana da Turanci, sannan ya ce, "Badun ce. Isa ne da kansa." Ya miƙa wa Baffa Sule. Kafin hannun Baffa ya kai, Inna Dudu ta miƙe ta karɓa. Ta riƙe ta a juye, matar Alhaji ta gyara mata.

Ta ce, "Salamu alaikum." Ta saurara. "Ina wuni?" Ta saurara. "Ina gajiya?" Ta rufe ido. "Yaya aiki? Yaya baƙunta? Yaya mutanen wajen?"

Baffa Sule ya durƙusa a gefenta yana raɗa, "Inna, tambaye shi inda yake. Inna, layin zai katse." Ta ɗaga masa hannu ba ta dube shi ba.

"Yaya ruwa a can? To, madalla. Ina gajiya kuma?"

Ina tsaye kusa da ita ina jin muryar Baba 'yar siririya kamar ta ƙuda a cikin kwalba. Na ji ya fara wata magana mai tsawo, sai Inna Dudu ta katse shi da wata gaisuwar. Can sai muryar ta ɓace, wani ƙugi ya maye gurbinta. Ta ci gaba da riƙe wayar a kunne har sai da Alhaji ya ce a hankali, "Inna, ya katse."

Baffa Sule ya dafe kai. Ya ce, "Inna, me kika yi haka? Kwana da kwanaki muna jira. Yanzu me muka sani?"

Ta miƙa wa Alhaji wayar da hannu biyu, ta gyara mayafinta. Ta ce, "A kwance yake. Ɗauko shi aka yi aka kawo shi wajen abin nan. Da na ce masa ina gajiya, sai da ya ja numfashi ya haɗiye wani abu kafin ya ce babu gajiya. Na sake tambaya don in tabbatar, ya sake yin haka. Sule, gobe za ka hau jirgi."

"Inna, Badun gari ne babba. Ina zan neme shi?"

"Inda Hausawa suke. Ka tambayi gidan da ake ɗori." Daga nan ta dubi Baffa Sule. Ta ce, "Ka ɗauko mini Isa."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, kuma ban sake ji ba.

Baffa Sule ya tafi. A unguwar Hausawa ta Badun ya same shi, a ɗakin wani maɗori. Motar ce ta kife a wata kwana cikin ruwan sama, ƙafarsa ta dama ta karye, ƙashi ya huda fata. An yi ɗori amma ciwon ya rube, har ya fara wari. Wani dattijo mai saukar da fataken goro ne ya sa aka ɗauke shi a tabarma zuwa gidan da ke da tarho. Baffa ya kai shi asibiti a ranar da ya isa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Ƙafar dai an yanke ta daga gwiwa.

Kafin su dawo Umma ta haihu. Ranar da aka shigo da Baba yana dogara sanduna biyu, ya lallaɓa ya zauna a ƙofar ɗakin Inna Dudu tunda durƙuso ya gagara, ya gaishe ta. Ta kalli bango ta amsa a taƙaice kamar kullum. Amma na ga ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Da magaribar ranar ta ƙarasa mana tatsuniyar, cikin 'yan kalmomi. Wai matar ta sa baki a ramin suri ta gaishe da ɗanta, ta yi ta gaishe shi har karan ya cinye. Daga nan ta tashi ta ɗaura ɗamara ta nufi kogi. Sani ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan. Ta tafi abinta, ku ma ku tafi ku kwanta." A lokacin na ji tatsuniyar ba ta yi daɗi ba. Babu dodo, babu sarki, babu wanda aka yi wa hukunci. Sai da na girma na gane cewa ba gadonta ta yi ba, a gabanmu take ƙirƙirar ta dare bayan dare, tana neman abin da za ta faɗa in an miƙa mata wayar.

Inna Dudu ta rasu kafin tarho ya zama ruwan dare. Ni kuwa na ga sauran tafiyar. Na yi layi a gidan waya don in kira mijina lokacin da yake karatu a wani gari. Na ga zamanin da 'yan mata suke zama a ƙarƙashin lema a bakin titi da waya ɗaya, kowa ya zo ya buga. Yanzu gonakin da muka ratsa duk sun zama gidaje da shaguna, kuma ko mai tallan rake a Gyadi-Gyadi da waya a aljihunsa. 'Ya'yana suna kirana daga nesa ina ganin fuskarsu. Layi ba ya katsewa kamar da, ga lokaci a wadace, amma su ne suke cewa, "Umma, kin cika gaisuwa, ki faɗi abin da kika kira ki faɗa." Nakan ce to, sannan in sake tambayarsu ina gajiya.

Baba ya rayu har ya tsufa, yana sayar da kayan gyaran mota a wani ɗan shago a bakin titi. Shekarar da zai rasu na saya masa wayar hannu, ya riƙa juya ta a tafinsa yana murmushi. Ranar ce na tambaye shi abin da ya yi niyyar faɗa a wancan kiran, maganar da Inna ta katse.

Ya daina juya wayar. Sannan ya ce, "Cewa zan yi mota ce ta lalace, ina jiran kayan gyara, kada kowa ya zo. Na kwana ina shirya maganar. Na ga uwarku da ciki, na ga Sule da ɗan shagonsa, ban so a gan ni a haka ba. Da Sule ne ya ɗauka, da ya yarda."

Na ce, "Kana ganin Inna ta san abin da za ka faɗa?"

Ya ajiye wayar a kan cinyarsa, ya kalli titi. Ya ce, "Duk sanda na buɗe baki zan fara, sai ta ce yaya ruwa."